Dan Allah a taimaka: na ɗora ClamAV a sabar imel ɗin ofis, yanzu saƙo ko ɗaya baya wucewa

Abban Yusra: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar Linux a zauren nan ku kawo min ɗauki. Ofishinmu yana nan cikin gari wajen Ahmadu Bello Way, harkar taki da irin shuka muke yi, ma'aikata kusan 30 kowa da akwatin imel ɗinsa a kan sabar da muke haya, Ubuntu ce da Postfix mai karɓa da aika saƙo da Dovecot mai ba mutane damar buɗe akwatinsu, shekara biyu kenan tana aiki lafiya lau. Sati biyu da suka wuce akawunmu ya buɗe wani fayil da aka turo masa da sunan rasit, kwamfutarsa ta rikice sai da muka goge komai muka sake ɗora Windows, shine oga yace lallai a sa abin da zai riƙa tace saƙonni kafin su isa wajen mutane. Daren Asabar na zauna na ɗora amavisd-new mai tace saƙonni da ClamAV mai neman bairos ina bin wani bayani da na samu a intanet, na gama wajen ƙarfe ɗaya na kwanta ina ganin komai yayi. Yau Litinin na shigo ofis saƙo ko ɗaya bai shigo ma kowa ba tun Asabar ɗin, na fita ma baya fita, na buga mailq na ga saƙo 340 a tsaye a layi. Oga yana jiran takardun wata kwangila daga Abuja, sau uku yana leƙowa. Wlh hankalina a tashe yake.

Malam Bala Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanina, tunda kana ganinsu a mailq ba su ɓace ba, suna nan a ajiye a sabarka. Postfix yana riƙe saƙo har kwana 5 yana ta gwadawa kafin ya mayar wa mai shi, in dai baka taɓa maximal_queue_lifetime ba. Daga daren Asabar zuwa yanzu ko kwana biyu cikakku ba a yi ba. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kuskura ka buga postsuper -d ALL ko da wani yace maka share layin zai gyara, wannan gogewa ce ta har abada. Buɗe /var/log/mail.log ka turo mana layukan da amavis yake kuka a ciki.

Ɗan Rigasa: Oga ka yi ristat ɗin sabar gaba ɗaya mana ka gani

Abban Yusra: Na yi har sau biyu Ɗan Rigasa, babu canji. Malam ga abin da yake ta maimaitawa, yana cewa ya kasa haɗuwa da /var/run/clamav/clamd.ctl wai babu wannan fayil ɗin, daga ƙarshe sai ya rubuta ALL VIRUS SCANNERS FAILED ya ba Postfix amsa da lamba 451.

Malam Bala Unguwar Rimi: Yawwa, to amavis ɗinka lafiyarsa ƙalau, abin da ya kamata yayi yake yi. Ka fahimci tafiyar tukuna: saƙo in ya shigo Postfix zai miƙa wa amavis ta ƙofar 10024, amavis ya kwance shi ya fito da duk abin da aka maƙala, ya kira clamd, wato ɓangaren ClamAV da ke zaune yana jiran aiki, ta wancan fayil ɗin clamd.ctl da ake kira soket, yace duba min wannan, in an ce lafiya sai ya mayar wa Postfix ta ƙofar 10025 a kai akwati. Yanzu ya kira clamd ba a amsa ba, shine yace shi ba zai wuce da abin da ba a duba ba, a dawo anjima, ma'anar 451 kenan. Soket ɗin kuma clamd ne yake ƙirƙirarsa idan ya tashi, tunda babu shi to clamd bai tashi ba. Buga systemctl status clamav-daemon, sannan ka duba min me ke cikin /var/lib/clamav

Abban Yusra: Baya aiki Malam, yana cewa wani sharaɗi bai cika ba. Cikin /var/lib/clamav kuma babu komai sai wani ƙaramin fayil freshclam.dat

Malam Bala Unguwar Rimi: Shikenan mun gano bakin zaren. Babu kundin alamomin bairos ɗin kwata kwata. Ya kamata ka ga main da daily da bytecode, masu ƙarewa da .cvd ko .cld, in babu su a Ubuntu clamd ko yunƙurin tashi baya yi. freshclam ne yake saukosu. Me log ɗinsa yace?

Abban Yusra: To nan fa sai na faɗi gaskiya. Daren Asabar ɗin na buga freshclam da hannu yace wani yana riƙe da fayil ɗin log, sai na ɗauka ya lalace ne, bayanin da nake bi kuma yace a sauko da main.cvd da wget kai tsaye, na gwada yafi sau goma yana bani 403, wato an hana ni, na goge abin da ke cikin foldar na sake freshclam, na sake gogewa na sake. Yanzu log ɗin cewa yake an saka mu a hutun dole sai wani lokaci can da dare zai sake gwadawa.

Maman Khalil: Ayya, tsohon bayani ka bi. Tun 2021 masu ClamAV suka toshe saukar da kundin ta wget da curl saboda mutane suna ta jan manyan fayilolin nan ba ƙaƙƙautawa suna cinye musu layi, yanzu freshclam ko cvdupdate kawai suke karɓa, kuma tsofaffin nau'in ClamAV da aka daina kula da su ma suna hana su. Wancan saƙon na farko da ya tsorata ka ba matsala bace, clamav-freshclam ne yake aiki a bayan fage shi yasa ya riƙe log ɗin, wataƙila ma a lokacin yana tsakiyar saukowa ne ka goge masa. Da ka barshi minti goma da yanzu ba a wannan maganar.

Ɗan Rigasa: Ka goge freshclam.dat ɗin, ai a ciki yake rubuta lokacin hutun, in ka goge zai manta

Maman Khalil: Shi zai manta amma su can basu manta da adireshin IP ɗinsa ba. Kana ƙara bugawa suna ƙara ganinka a matsayin mai damunsu. A bar shi ya cika lokacinsa.

Abban Yusra: Anti to ni ya zan yi da oga kafin dare? Wlh yanzu ma ya aiko masinja

Maman Khalil: Ni shawarata ka saki saƙonnin yanzu a gyara daga baya. Shiga /etc/amavis/conf.d/15-content_filter_mode, layukan nan na bypass_virus_checks_maps da ka cire musu alamar # ka mayar musu da ita, abin a juye yake a Debian da Ubuntu, cire alamar shine kunna bincike, mayar da ita shine kashewa. Ka yi ristat ɗin amavis ka buga postqueue -f komai zai wuce cikin minti biyu. Shekara biyu kuna zaune babu tacewa, yini ɗaya ba zai kashe ku ba, amma kwangila in ta wuce ta wuce.

Malam Bala Unguwar Rimi: Hajiya a nan kam ban bi ki ba. Saƙon kwana biyu ne a taru, ciki har da na ƙarshen mako, kuma waɗanda suka turo wa akawun nan abu sun riga sun san adireshin yana aiki kuma an taɓa buɗe musu, ba za su daina ba. Ki sake 340 lokaci ɗaya kan mutanen da suka ƙosa suna jira, kowa zai hau buɗewa ba tare da dubawa ba. Sannan abin da na sha gani shine duk wanda ya kashe binciken da niyyar na ɗan lokaci, da zarar oga ya daina kira shikenan an manta, sai bayan wata shida a gano ClamAV yana nan a ɗore amma ba ya duba komai.

Maman Khalil: Malam kai kana magana ne a matsayin wanda ba a tsaye a kansa. Ni na yi aiki a inda imel in ya tsaya awa ɗaya sai an rubuto maka takardar tuhuma. Kuma ai kwamfutocin Windows ɗin suna da Defender a kai, ba wai a buɗe suke gaba ɗaya ba. Shima yaron nan aikinsa yake karewa.

Malam Bala Unguwar Rimi: Gaskiyarki ta nan ɓangaren, ban raina ba. To a raba. Abban Yusra duba mailq ka nemo saƙon Abujan ta adireshin mai aikowa, ka ɗauki lambarsa ka buga postcat -q da lambar, zaka ga saƙon da idonka, ka tabbatar wa oga ya iso yana hannu. Ni kuma ina da saba mai lafiya da kundinta na yau, bani minti ashirin in tura maka fayiloli ukun ta scp, ka zuba su a /var/lib/clamav ka yi chown clamav:clamav a kansu. Ba sai ka jira dare ba. In minti talatin ta wuce bamu tashe shi ba ka bi maganar Hajiya, na yarda.

Maman Khalil: Wannan yayi. Na sa agogo fa Malam.

Abban Yusra: Allah ya saka da alheri, na turo maka bayanin shiga ta akwatinka. Na ga saƙon Abujan yana nan, na nuna wa oga a allo ya ɗan sauko.

Sadiq Kawo: Ni tambaya ce dani kafin su dawo, ina koyo ne. Wannan ClamAV ɗin tunda kyauta ne anya yana kama wani abin kirki? Wa yake zama yana rubuta masa alamomin kullum ba a biyansa?

Injiniya Barnawa: Sadiq ba marar gata bane. Wani ɗan ƙasar Foland mai suna Tomasz Kojm ne ya fara shi a 2002, kamfanin Sourcefire ya saye shi a 2007, sannan Cisco ta sayi Sourcefire a 2013, yanzu sashen Talos na Cisco ne suke kula da shi suna fitar da alamomin. Kuma asali dama don sabar imel aka gina shi, shi yasa ya iya kwance zip da rar da takardun Office da PDF. Amma kada in yaudare ka, akasarin aikinsa da alama yake yi, wato abin da aka riga aka sani aka rubuta, sabon bairos da aka ƙera jiya zai iya wucewa ta gabansa. Shi yasa wasu suke ƙara masa alamomin Sanesecurity, suna taimakawa sosai wajen saƙonnin damfara da takardu masu macro, wato ƙananan umarnin da ake cusa wa Word da Excel.

Abban Yusra: Malam fayilolin sun iso, clamd ya tashi, soket ya fito, na yi postqueue -f saƙo kamar 20 suka motsa sai komai ya daskare. Ko ls na buga sai na jira. Na sake duba status wai an kashe clamd da sigina 9, ni kuma ban kashe shi ba

Malam Bala Unguwar Rimi: RAM nawa ne a sabar? Buga free -h, sannan dmesg ka nemi inda aka ambaci clamd

Abban Yusra: Giga 2 ne, suwaf (wurin da ake ara a diski in RAM ya cika) sifili. dmesg yace Out of memory ya kashe clamd

Malam Bala Unguwar Rimi: Na yi zargin haka. clamd yana ɗebo kundin nan gaba ɗaya ya zuba a RAM ya zauna da shi, shi yasa yake da sauri kuma shi yasa yake da ci. Su kansu masu shi a takardunsu giga 3 zuwa sama suka ce a tanada. Kai kuma a giga 2 ɗin ga Dovecot ga amavis da 'ya'yansa ga SpamAssassin, wataƙila har da MySQL da shafin duba imel. Da wuri ya cika sai Linux ya duba wa ya fi kowa ci ya kashe shi. Daskarewar kuma ga dalilinta: a tsarin amavis akwai mai jiran gado, in clamd bai amsa ba sai ya koma kan clamscan, shi kuma clamscan duk saƙo ɗaya sai ya loda kundin nan daga farko ya duba ya sauke, saƙo na gaba ya sake lodawa, ka ga in biyu suka tashi tare a saba irin taka ai sai addu'a. Tsayar da amavis tukuna. Ka yi suwaf na giga 2: fallocate -l 2G /swapfile, chmod 600, mkswap, swapon, ka sa shi a /etc/fstab don kar ya ɓace in an yi ristat. Sannan a /etc/clamav/clamd.conf ka sa ConcurrentDatabaseReload no.

Sadiq Kawo: Malam wannan na ƙarshen me yake yi?

Malam Bala Unguwar Rimi: Tun daga nau'i na 0.103 idan sabon kundi ya sauko clamd yana loda sabon alhali tsohon yana nan yana aiki, sai ya gama ya saki tsohon, don kada bincike ya tsaya. Dabara ce mai kyau amma na ɗan lokacin nan cinsa ya kusa ninkawa. Shi yasa zaka ji mutum yace clamd ɗinsa yana aiki lafiya amma kullum sai ya tashi da safe ya tarar ya mutu, to lokacin sabuntawa ne ake kashe shi. In ka sa no zai sauke tsohon kafin ya ɗauki sabon, saƙonni su ɗan jira kamar minti ɗaya, babu wanda zai lura.

Injiniya Barnawa: Suwaf ɗin agajin gaggawa ne dai, a gaya wa oga a ƙara kuɗin haya a koma giga 4. Wanda zai iya asarar kwangila saboda imel bai kamata ya tsaya ciniki a kan wannan ba.

Maman Khalil: Minti talatin ta cika har da ɗoriya, amma tunda na ga ana gaba na yi shiru

Abban Yusra: Anti ki ƙara min biyar. clamd ya zauna yanzu bai mutu ba, sabar ma ta saki. Amma ga wani sabon kuka, lstat() failed: Permission denied a kan /var/lib/amavis/tmp

Maman Khalil: Wannan kam nawa ne, ya taɓa cinye min yini guda. amavis yana kwance saƙon a foldarsa, clamd kuma da sunan clamav yake aiki bashi da izinin leƙa ciki. adduser clamav amavis, sai ka yi ristat ɗin clamav-daemon da amavis duka biyun, in baka yi ristat ɗin clamd ba ba zai san an sa shi a rukunin ba. In bayanin da kake bi yace ka ƙara AllowSupplementaryGroups ka ƙyale shi, an daɗe da cire wannan.

Injiniya Barnawa: In ya ƙi bayan haka ka duba AppArmor, Ubuntu tana da takunkumi a kan clamd, zaka ga DENIED a dmesg. Masu Rocky da Alma kuma SELinux ne, setsebool -P antivirus_can_scan_system 1

Abban Yusra: Alhamdulillah!!! Layi yana sauka, 340 ya koma 190 ya koma 40, log yana ta rubuta Passed CLEAN. Na Abuja ya shiga, oga ya buɗe. Kuma Malam ka san me, guda biyu an rubuta Blocked INFECTED, duka biyun akawun nan aka turo wa, ɗaya da sunan takardar biyan kuɗi.

Maman Khalil: To Malam Bala na sallama, da na sake su da sun shiga.

Malam Bala Unguwar Rimi: Ba a gama ba tukuna Hajiya. Abban Yusra ka gwada da EICAR don ka san hanyar gwaji ko ba yau ba. Wani ɗan rubutu ne mai harafi 68 da masu antibairos suka amince kowa ya kama shi kamar bairos, alhali baya cutar da komai. Ka ɗauko daga shafin eicar.org ka tura wa kanka, amma kar ka tura daga Gmail don su zasu tare shi tun kafin ya fito, ka yi amfani da swaks ko sendmail daga wata sabar. Ka tura shi tsirara, ka tura shi cikin zip, ka tura zip cikin zip. Sannan ka duba final_virus_destiny ka tabbata D_DISCARD ne, wato kar a kai saƙon mai bairos ko ina, tare da killacewa a /var/lib/amavis/virusmails, kar ka sa D_BOUNCE, domin adireshin mai aikowa a irin saƙonnin nan na bogi ne, zaka riƙa mayar wa bayin Allah da basu san hawa ba basu san sauka ba, ƙarshe a sa IP ɗinka a baƙin littafi. Duk gyaran da zaka yi ka rubuta a /etc/amavis/conf.d/50-user, kar ka taɓa sauran fayilolin.

Abban Yusra: Duk ukun an kama. Amma akwai abin da ya dame ni yanzu. Ina da kwafin ainihin fayil ɗin da ya lalata kwamfutar akawu, na ajiye shi a filas, na ɗora a sabar na buga clamdscan a kai yace OK. Wato abin da aka yi duk wahalar nan dominsa ma bai kama shi ba?

Injiniya Barnawa: Zip ne mai kalmar sirri?

Abban Yusra: Eh, kalmar sirrin a cikin saƙon suka rubuto, wai saboda tsaro, shi kuma ya kwafa ya buɗe

Injiniya Barnawa: To ai shi yasa suke yin hakan. Abin da aka kulle antibairos baya ganin cikinsa a kan hanya sai in ya samu kalmar sirrin, OK ɗin da ya baka ma'anarsa ban ga komai ba, ba wai babu komai ba. amavis yakan manna UNCHECKED a kan taken irin wannan saƙon amma wa yake karantawa. Abin yi shine kace duk kullallen zip a ɗauke shi a matsayin abin zargi, a clamd.conf ka sa AlertEncrypted yes.

Maman Khalil: Tsaya Injiniya, kar ya sa wannan. AlertEncrypted yana haɗawa har da takardu, kuma bankunanmu bayanin asusu da PDF mai kalmar sirri suke turowa, ƙarshen wata akawu zai zo yana neman sitetimen an killace. Ya sa AlertEncryptedArchive yes kawai, ya bar AlertEncryptedDoc a no. Zip da rar za a tare, PDF ɗin banki ya wuce.

Injiniya Barnawa: Haka ne, na gode da gyara Hajiya. Ya ƙara da hana nau'in fayil ta banned_filename_re, ofishin taki babu abin da zai sa a turo musu .exe ko .js ko .vbs ko .iso ko .lnk ta imel, wannan a gurina ya fi kama abu akan antibairos ɗin kansa don baya jiran sai an san bairos ɗin. AlertOLE2Macros ma yana nan na takardun Word da Excel masu macro, sai dai ka fara tambaya ko akwai wanda suke hulɗa da shi da yake turo Excel mai macro na gaskiya.

Usman Tudun Wada: Ni fa duk na karanta daga sama kuma ina jinjina muku, amma tsakani da Allah ƙarfe ɗaya na dare mutum yana fama da soket saboda ma'aikata 30? Ku koma Google Workspace ko Microsoft 365 ku huta, su suna ganin saƙonnin duniya gaba ɗaya, sabon bairos in ya fito cikin ɗan lokaci sun san shi. Mutum ɗaya a Kaduna ba zai yi gasa da wannan ba. Yau da Malam Bala baya kusa fa?

Abban Yusra: Yaya Usman na kai wa oga wannan maganar tun bara, da aka lissafa kuɗin kowane mutum a wata aka ninka 30 aka ninka 12 aka juya daga dala zuwa naira sai yace a bar maganar. Sabar nan gaba ɗaya hayarta bata kai kuɗin mutum kaɗan a can ba.

Usman Tudun Wada: Ya lissafa da kwamfutar akawu da kwana biyun da aka yi babu imel? Da lokacinka?

Malam Bala Unguwar Rimi: Usman maganarka tana da ƙarfi kuma akwai ofisoshin da ni da kaina nace su koma can, musamman inda babu mai kula na dindindin. Amma kullallen zip ɗin nan da wasiƙar da take cewa mun canza lambar asusu ku biya nan, wadda babu fayil ma a cikinta, suna iya isa ga mutane ko a ina akwatinsu yake. Kuma ni ina so yaranmu su iya wannan aikin, in kowa ya miƙa wa na waje nan da shekara goma babu wanda zai iya karanta mail.log a garin nan. Abin da Abban Yusra ya koya daga safe zuwa azahar yau ba zai manta ba.

Usman Tudun Wada: A koya a sabar gwaji Malam, ba a wadda abincin mutane yake kai ba. Ko a kwamfutarsa ya ɗaga ƙaramar Ubuntu ya gwada ranar Juma'a da duk ukun nan sun fito masa a can.

Malam Bala Unguwar Rimi: Wannan kam babu musu.

Hafsat Malali: Sannunku, yanzu na shigo. Ƙari kaɗan ga masu saba a cikin ofis ba ta haya ba, mu tamu a ɗaki take kuma inbata ɗinmu batirinsa ya gaji, an ɗauke wuta freshclam yana tsakiyar aiki, da aka dawo clamd ya ƙi tashi yana cewa Malformed database. Na kusa goge foldar gaba ɗaya irin yadda Abban Yusra yayi, Allah ya taimake ni na karanta log ɗin da kyau na ga daily.cld kaɗai ya ambata, shi kaɗai na cire na bar main, freshclam ya sauko da sabo. Sannan mu da muke kan intanet ɗin layin waya adireshin IP ɗaya muke rabawa da mutane da yawa, wani lokaci zaka ga 429, wato wai kun cika bugawa, alhali kai baka yi laifin komai ba, haƙuri kawai ake yi ya wuce. In kuna da saba fiye da ɗaya ku sa guda ta riƙa saukowa da cvdupdate sauran su ɗauka a wajenta, data ma ta huta.

Abban Yusra: Na gode Anti Hafsat. Na sa AlertEncryptedArchive na sake gwada fayil ɗin akawu, yanzu ya kama shi da sunan Heuristics.Encrypted.Zip. Oga kuma ya sa hannu a ƙara RAM zuwa giga 4 ƙarshen wata. Saura freshclam, kundin da ke kai na Malam ne na yau, ban sani ba ko zai ci gaba da kansa.

Malam Bala Unguwar Rimi: Kar ka taɓa shi, ka tabbata dai clamav-freshclam yana kunne. Tunda yanzu akwai kundi a ƙasa ba zai sake jan manyan ba, 'yan ƙananan canje canje kawai zai riƙa ɗauka. Gobe da safe ka buga clamdscan --version, bayan lambar nau'in zaka ga lambar kundi da kwanan wata, in kwanan ya motsa to an sake ka. Kuma ka rubuta ɗan cron, wato aikin da saba take yi da kanta a kan lokaci, da zai ƙirga layi duk minti goma, in ya haura 50 ya sanar da kai ta Telegram ko tes, kar ka ce ta imel don ranar da abin zai faru imel ɗin ne a tsaye.

Sadiq Kawo: Malam in saƙon gaskiya aka killace bisa kuskure fa, ya ake fito da shi?

Maman Khalil: amavisd-release da lambar killacewar da zaka gani a log. In wata alama ce take ta kama mai gaskiya ka rubuta sunanta a fayil mai ƙarewa da .ign2 cikin /var/lib/clamav ka sake loda clamd. Amma ka duba fayil ɗin da kyau kafin ka saki, kar don mutum ya ɗaga maka murya.

Abban Yusra: Barkanmu da safiya. Na duba yanzu, kwanan kundin ya koma na jiya da dare, log ɗin freshclam yace daily ta sabuntu, clamd bai mutu ba, layi babu komai. An killace uku cikin dare, ɗaya zip ne mai kalmar sirri daga adireshin wani dilanmu na Saminaka, na kira shi yace shi bai turo komai ba kuma tun shekaranjiya mutane suke kiransa a kan haka. Na ce ya canza kalmar sirrinsa daga wata wayar ba kwamfutar shagon ba. Anti Maman Khalil dan Allah in kin samu sarari ki turo min yadda kika rubuta banned_filename_re ɗinki, nawa yana tare .docx ban san inda na yi kuskure ba.